Wa Ke Raɗa wa Tsumma Suna?

A cikin sunayen da Bahaushe ke kiran tufa da su, babu wanda ya kai tsumma faɗuwa ƙasa. Riga takan fara rayuwarta da suna mai daraja, a ce shadda ce, ko saƙi, ko atamfa. A sa ta ranar sallah, shekara ta kewayo ta koma ta zuwa kasuwa, ta gangara ta zama ta gona, ƙane ya gada daga wansa. Ranar da ta yage inda faci ba zai riƙe ba, sai a tuɓe mata sunayen nan duka a kira ta tsumma. Daga nan aikinta sauke tukunya daga murhu, ko goge daɓe, ko a naɗe ta a yi gammo. Ba mai sake tambayar wa ya saƙa, wa ya ɗinka, wa ya sa ta a jikinsa har ta mutu.

Akwai wasu mata baƙar fata a jihar Alabama ta ƙasar Amurka da ba su yarda tufa tana mutuwa a nan ba. Ƙauyensu ana kiransa Gee's Bend, yana cikin wata kwana da kogin Alabama ya yi, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Sunan na Joseph Gee ne, wani Bature da ya kafa gandun auduga a wurin a 1816. A 1845 gandun ya koma hannun Mark Pettway, wanda ya koro bayinsa kimanin 100 a ƙafa tun daga jihar North Carolina. Shi ya sa har gobe da yawa daga mutanen ƙauyen Pettway ne sunan gidansu, ba don jini ɗaya ya haɗa su duka ba, sai don ubangida ɗaya ya mallaki kakanninsu. Mutanen da ko sunan da suke amsawa wani ne ya liƙa musu, su ne za su zo su koya wa duniya yadda ake mayar wa tsumma da mutuncinsa.

Bayan an hana bauta ba su tashi ba, suka ci gaba da noman auduga a gonakin haya, bashin bana ya tarar da na bara. Ɗakunansu na gungumen itace ne, iska tana shiga ta kowace kafa, har sai an lilliƙa tsofaffin jaridu a bango. Sanyin hunturun can kuwa ba na wasa ba ne, ga babu kuɗin sayen bargo. Sai matan suka koma ga abin da ke hannu. Wandon aikin maigida da ya gaji, rigar yaro da ta yi kaɗan, buhun fulawa, buhun taki, duk a farke, a yayyaga su dogo-dogo ko murabba'i-murabba'i, a harhaɗa da allura har su zama fuska guda mai faɗin gado. A shimfiɗa wani yadin a ƙasa ya zama baya, a baza ragowar audugar gona a tsakani bayan an buge ta ta yi laushi, a ɗora fuskar nan a sama, sannan a bi hawa ukun da ɗinki layi bayan layi don kada audugar ta dunƙule. Haɗa fuskar aikin mace ɗaya ne, ita da tunaninta, galibi da dare bayan an dawo gona. Ɗinke hawa ukun kuwa aikin gayya ne, mata su kewaye katakon da aka ɗaure bargon a kai, suna ɗinki suna waƙoƙin ibadarsu. Wannan shi ne bargon ƙyallaye.

A 1942 wata mata mai suna Missouri Pettway ta ɗinka wani bargo wanda duk mai son fahimtar wannan aiki ya kamata ya fara da shi. Mijinta Nathaniel ya rasu bayan doguwar jinya. Ta tattara kayan da yake zuwa gona da su, ta kira 'yarta Arlonzia suka zauna suka farke su, ƙafar wando daban, hannun riga daban. 'Yar ce ta ba da labarin daga baya, cewa uwar ta yi nufin ta riƙa lulluɓa da su don tunawa da shi. Wanda ya dubi bargon zai ga shuɗi da toka-toka da ja kaɗan, zai ga inda gwiwa ta cinye launi, zai ga tabon ƙasar gona wanda wanki bai fitar ba. Ba ta ɓoye tabon a ciki ba, a fuska ta bar shi.

Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan bargo fiye da duk abin da masu sharhi suka kira shi, ita ce sutura. Mu a wurinmu sutura tufa ce da ake sawa a fita cikin mutane. Sutura kuma rufin asiri ce, shi ya sa talaka kan roƙi Allah ya suturta shi, ba riga yake nufi ba, yana nufin kada halin da yake ciki ya fito fili. Sannan in mutum ya cika, aka wanke shi aka sa masa likkafani aka kai shi makwancinsa, sai mu ce an yi masa sutura. Dubi yadda ma'anonin nan uku suka taru a hannun mace ɗaya. Kayan da suka suturta mijinta yana raye ta ɗauka, ta yi abin da zai rufa wa gidanta asiri daga sanyi da rashi, kuma da su ta yi wa mamacinta wata sutura ta biyu, wadda ba a binnewa, wadda ake kwana a cikinta. Ban san wani zane da aka yi da fenti ba da ya ɗauki nauyin ma'ana irin wannan, domin fenti ba ya taɓa zama a jikin wanda ake makoki.

Shekaru suka yi ta tafiya duniya ba ta san da matan Gee's Bend ba, in ban da lokacin wahala. A 1962, da mutanen ƙauyen suka fara haye kogi zuwa garin Camden don yin rajistar zaɓe, hukuma ta dakatar da jirgin fiton, tafiyar 'yan mintoci ta koma ta kusan sa'a guda ko fiye a mota, kuma jirgin bai dawo ba sai 2006. Martin Luther King ya ziyarce su a 1965, da aka kashe shi a 1968 alfadarai biyu daga wannan ƙauye ne suka ja amalanken gawarsa a birnin Atlanta. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Freedom Quilting Bee don su sayar da ɗinkinsu. Manyan kantuna suka kawo kwangila, amma da sharaɗi: awo ɗaya, ɗinki ɗaya, kowane bargo ya yi kama da ɗan'uwansa. Matan suka yi wa kantuna abin da kantuna ke so, suka koma gida suka ci gaba da nasu. Daga 1972, ragowar wani yadi mai kauri mai layi-layi da suke ɗinka wa kamfanin Sears rigunan matashi da shi ya shiga bargunansu, ya kawo musu launin ja da ruwan gwal da kore.

Abin da ya juya labarin hoto ne guda. Wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya ga hoton bargon Annie Mae Young an shanya shi a kan tarin itace, ya bi sawu har ƙofar gidanta a ƙarshen shekarun 1990. Da farko ta zaci bargon yana cikin waɗanda ta ƙona kwanan baya, domin a can hayaƙin tsohuwar auduga maganin sauro ne. Washegari ta lalubo shi, ta ce ya ɗauka kyauta, shi kuma ya nace sai ya biya. A 2002 aka baje barguna kimanin 70 a babban gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan suka wuce gidan Whitney a New York, kuma wannan bargon da ya tsallake wuta shi ne a bangon littafin baje kolin. A 2006 gidan wayar Amurka ya fitar da kan sarki guda 10 masu ɗauke da hotunan bargunan ƙauyen.

To, a nan ne suna ya sauya. Jiya bargo ne, ana shimfiɗa wa yaro ya yi fitsari a kai, yau an rataye shi a farin bango, an haska masa fitila, an ja layi a ƙasa ba mai ƙetarewa, mai ɗaukarsa ma sai da safar hannu. Jiya aikin mata ne, yau fasaha ce. Masu sharhi suka yi ta yabo, suna kwatanta aikin da na Henri Matisse da Paul Klee, manyan masu zanen Turai. Yabon gaskiya ne, ba na musun haka, domin duk wanda ya ga yadda waɗannan mata ke ajiye ja ɗan ƙanƙani a tsakiyar tekun shuɗi ya san ido ne ya yi aiki, ba dace ba. Sai dai akwai abin da ke damuna a cikin irin wannan yabo. Yana nuna kamar aikin bai cika ba sai da aka samo masa dangi a Turai, alhali ba daga wurinsu matan suka koya ba. Daga iyayensu mata suka koya, kuma suna da nasu sunayen zubi: akwai wanda suke kira rufin ɗaki, murabba'i a cikin murabba'i, akwai wanda suke kira mai jera bulo. Suna da nasu ma'aunin kyau, suna sanin wadda ta fi wata hannu.

Kuma ba Houston ce ta fara baje kolin bargunan nan ba. In sanyi ya wuce, kowace mace takan fito da nata ta shanya a kan igiya da shinge su sha iska, maƙwabta su riƙa zagayawa gida-gida suna kallo, wannan ta ɗauki dabarar waccan ta je ta juya ta yadda ba za a ce kwaikwayo ta yi ba. Masu kallon nan sun san wandon wa ke cikin kowane bargo, sun san shekarar da aka yi fari, sun san wadda ta yi ɗinkin tana goyo. Mai kallo a New York launi da zubi kawai ya samu. Halinsa ɗaya da wanda ya jiyo kalangu daga nesa, ya ji daɗin kiɗan ƙwarai, amma bai san taken wa ake yi ba.

Wata mata ta hango wannan haɗari tun kafin a haifi kakannin masu sharhin. Harriet Powers, an haife ta baiwa a jihar Jojiya a 1837, ta rasu a 1910. Nata salon daban ne, takan yanko siffofin mutane da dabbobi da taurari daga ƙyalle ta ɗora a kan yadi ta ɗinke, har wasu masana suna kwatanta aikinta da tutocin ƙyalle na fadar Abomey a tsohuwar daular Dahomey. A 1886 ta kai wani bargo mai gida 11 bikin baje kolin auduga a garin Athens na can Jojiya, kowane gida da labarinsa daga littafin addininta na Kirista, ciki har da na Habila da Ƙabila. Wata malamar zane, Jennie Smith, ta nemi saye, ta ce ba na sayarwa ba ne. Bayan kimanin shekara 4 rashi ya matsa wa gidanta, ta kawo shi da kanta tana neman dala 10, malamar ta ce 5 take da ita. Ta karɓa, amma ba ta saki bargon ba sai da ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ta faɗi abin da kowanne ke nufi, malamar ta rubuta. Kuɗin an rage mata rabi, ma'anar kuwa ba ta bari an rage ko zare ɗaya ba.

Bargonta na biyu, mai gida 15, yana birnin Boston yanzu, na farkon kuma yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington. A na biyun ta haɗa labaran addini da abubuwan da mutanenta ke ba da labari: ranar da gari ya yi duhu da tsakar rana a watan Mayu 1780, da daren da taurari suka yi ta zuba a watan Nuwamba 1833 har mutane suka zaci tashin duniya ne, da wata alade mai suna Betts da aka ce ta yi gudun mil 500 daga Jojiya zuwa Virginia. Wane masani ne, komai zurfin karatunsa, zai dubi ɗan ƙyalle mai siffar dabba ya gano wannan da kansa? Da bayanin nata ya ɓace, da yanzu littattafai sun cika da hasashe. An ma daɗe ana cewa ba ta iya karatu ba, sai a 2009 aka gano wata wasiƙa tata ta 1896 inda take bayanin yadda ta koyi karatu da sauran bargunan da ta ɗinka.

Faith Ringgold, 'yar unguwar Harlem ta New York da ta rasu a 2024, ta kai maganar ƙarshenta. Ita ta yi karatun zane, mahaifiyarta Willi Posey kuma tela ce, tare suka ɗinka bargonsu na farko a 1980. Da masu buga littattafai suka ƙi karɓar tarihin rayuwarta, sai ta fara rubuta labarai da alƙalami a jikin bargon kansa, yadda duk inda aka rataye shi dole a karanta abin da ta ce.

Sauyin suna yana tafe da kuɗi, kuɗi kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Bargon da aka yi niyyar bayarwa kyauta ya koma na dubban daloli, hotunansa suka hau darduma da kayan ƙawa. A 2007 wasu daga cikin matan Gee's Bend, ciki har da Annie Mae Young da Loretta Pettway, suka kai Arnett da abokan hulɗarsa kotu a kan haƙƙinsu, wasu matan kuma suka tsaya masa, aka rufe shari'ar a 2008. Ba ni da hurumin yanke hukunci a tsakaninsu. Abin da na ɗauka shi ne, ranar da aka kira aikin mutum fasaha, ranar ce ya kamata a zauna a yi maganar wa ke da shi, ba bayan an gama tafi ba.

Duk da haka zalunci ne a ce bangon gidan adana kaya bai amfane su ba. Kafin 2002 ɗinkin ya kama hanyar mutuwa, 'yan mata sun tafi birni, bargon kanti ya yi arha. Louisiana Bendolph tana cikin waɗanda suka ajiye allura, domin ita wahalar ƙuruciya yake tuna mata. Ta je Houston ta ga aikin iyayenta a rataye da sunayensu a gefe, a hanyar komawa gida zubi iri-iri suka riƙa zo mata a rai, ta koma ɗinki har ta zama ɗaya daga cikin fitattu. Surukarta Mary Lee Bendolph, wadda ta koya daga mahaifiyarta Aolar Mosely ta kuma koya wa 'yarta Essie, ta karɓi babbar lambar girmamawa ta gwamnatin Amurka ga masu sana'ar gargajiya a 2015, tare da Lucy Mingo da Loretta Pettway. Lura da abin da ya dawo da Louisiana: ba kyan bargunan ba ne, ta saba ganinsu tun tana rarrafe. Sunayen da ta gani a rubuce ne. Koyarwar matan Gee's Bend kuwa ba ta takarda da ma'auni ba ce. Yarinya takan fara da zura wa kakarta zare a allura, a ba ta ƙyallayen da ba a damu da su ba ta gwada, a nuna mata zubin gidan, sannan a sa ido a ga inda za ta kauce masa. Kaucewar nan ita ake jira, a nan ake gane ta zama maɗinkiya.

Wannan labari bai yi mana nisa ba kamar yadda taswira ke nunawa. Ɗinki mai hawa uku da cushe a tsakani mun san shi tun da daɗewa, sai dai mu doki da mahayinsa muka yi wa, shi ne lifidi. Tsohon tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, kuma har yau 'yan lifida suna fitowa a hawan sallah cikin ja da kore da rawaya. Ga babbar riga, wadda kafin ta hau kafaɗar basarake sai ta bi ta hannun mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da mabugi, da wanda ya zana aska biyu ko aska takwas, da wanda ya shafe watanni yana cike zanen da allura. A birnin Zariya mata da yawa sun shiga wannan ɗinkin hannu tun wajen shekarun 1970, suna yi a cikin gidajensu. Rigunan nan suna nan a gidajen tarihi na Turai da Amurka, a gefensu an rubuta ƙasa da ƙabila da ƙarni, wani lokaci har da sunan Baturen da ya kawo. Sunan mai allurar ne ba ka cika gani ba. Mu kanmu a gida haka muke yi, riga takan amsa sunan wanda ya sa ta, a ce rigar sarki wane, ba a cewa ɗinkin wane. Mun adana sunan zane, mun bar sunan mai zanen ya bi iska.

Na baya sun tafi da sunayensu, amma na yanzu suna nan da rai. Akwai su a marinar Ƙofar Mata, akwai su a Kura, akwai su a zaurukan Zariya da cikin gidajenta, akwai tsohuwar da ke haɗa ragowar ƙyallayen tela ta yi wa jikoki zanin gado ba wanda ya taɓa ce mata sannu da fasaha. Roƙona ga ɗaliban jami'a masu neman abin bincike, da masu kula da gidajen tarihinmu, da kai mai karatu in akwai irin wannan hannu a unguwarku: ku je ku zauna da su. Ku rubuta sunan mai aikin da na wanda ya koya masa, ku tambayi sunan kowane zane da dalilinsa, ku rubuta amsar da bakinsa yadda ya faɗa, ba yadda kuka fahimta ba. In kuma za a baje aikin a gaban jama'a, a nemi izninsa, a biya shi haƙƙinsa, a sa sunansa a sama da na wanda ya saya.